A Bar Yara Su Sa Hannu a Ƙasa

Wata rana da aka kwana ana ruwa na je ɗauko 'yata mai shekara shida daga makaranta. Na same ta a tsugune a bakin baranda ita da ƙawarta, sun zuba wa wata tana ido tana jan jiki a kan siminti, ruwan daren ne ya koro ta daga cikin ƙasa. Kafin in ƙarasa wurinsu sai wata daga cikin ma'aikatan makarantar ta daka musu tsawa, ta ce su tashi daga kan ƙazanta, sannan ta sa takalmi ta murje tanar. Yaran suka miƙe jiki a sanyaye. A bangon da ke bayansu kuwa akwai manyan kwalaye da aka manna tun bikin Ranar Muhalli ta Duniya, wadda ake yi kowace 5 ga Yuni, ɗauke da zanen itatuwa da rubutun da ke kira ga yara su kare muhallinsu.

Ban riƙe matar a zuciya ba, domin ita ma haka aka rene ta, kuma niyyarta ta kare lafiyar yaran ce. Abin da ya dame ni shi ne darasin da yaran suka ɗauka a cikin daƙiƙa biyar, wanda ya fi duk abin da aka rubuta a kwalayen nan shiga zuciya: cewa abin da ke rayuwa a cikin ƙasa abin ƙyama ne, kuma maganinsa takalmi.

Ra'ayina shi ne ya kamata kowane yaro, tun yana ɗan shekara huɗu ko biyar, ya samu ɗan fegin ƙasa da zai shuka wani abu a ciki da hannunsa, ya ciyar da ƙasar da takin da aka haɗa a gabansa, ya kula da shukar ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, har ta yi 'ya'ya ko ta mutu. Ina ganin wannan a matsayin ilimi na tushe, daidai da karatu da lissafi, kuma ina ganin ita ce hanya mafi inganci ta koya wa yaro girmama halittu. Mutum ba ya girmama abin da bai sani ba, kuma ba a sanin ƙasa daga kan allo. Akwai masu ja da wannan ra'ayi, wasu da hujjoji masu nauyi, zan kuma bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da fegi ɗaya ke koyarwa

A fara da taki. A ba yara bokiti su riƙa tara ɓawon ayaba da na ƙwai da ragowar ganye da busasshiyar ciyawa, a zuba su a rami ko akwati, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako. Bayan 'yan kwanaki, idan tulin ya yi girma kuma an haɗa ɗanye da busasshe daidai, yaro zai cusa hannu kusa da tsakiyarsa ya ji zafi, domin ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cin tarkacen suna fitar da ɗumi, har zafin yakan haura digiri 55 a ma'aunin Salsiyas. Bayan wata biyu ko uku ɓawon ayabar ya ɓace, abin da ya rage baƙar ƙasa ce mai laushi mai ƙanshin damina. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci abin da manya da yawa ba su taɓa tsayawa sun yi tunani a kai ba, wato abin da muke kira shara abincin wani ne, kuma ruɓewa ita ce ƙofar da sabon tsiro ke fitowa ta cikinta.

Sai kuma ita tanar da aka murje. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya shafe kusan shekara arba'in yana lura da tana, kuma littafin kimiyya na ƙarshe da ya wallafa a 1881, shekara guda kafin rasuwarsa, a kanta ya rubuta shi. Ya nuna yadda take haɗiye ƙasa da ruɓaɓɓen ganye ta fitar da su a niƙe, yadda ramukanta ke buɗe wa iska da ruwa hanya zuwa saiwoyi, da yadda a hankali take juya ƙasar fili gaba ɗaya ba tare da garma ba. Ana iya nuna wa ɗan shekara biyar wannan aiki da kwalba mai faɗin baki: a jera yashi da baƙar ƙasa hawa-hawa, a saka tana uku ko huɗu, a ɗora ganye a sama, a lulluɓe kwalbar da baƙin ƙyalle a bar ta da danshi. Bayan mako biyu layukan sun cakuɗe, ganyen ya ragu. Daga nan sai a mayar da tanar cikin fegi, kuma wannan mayarwar ita ma darasi ce, domin yaro ya koyi cewa aron halitta aka yi, ba mallakarta ba.

Wake ma malami ne. Idan aka tuge tsiron wake guda a hankali aka wanke saiwarsa, za a ga wasu ƙananan ƙulli-ƙulli manne da ita. A fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. A nan ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, suna ɗauko sinadarin naitrojin daga iska, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, suna mayar da shi yadda tsiro zai iya ci, shi kuma tsiron yana ba su abinci. Yaro ba ya bukatar ya haddace sunan bakteriyar. Ya isa ya san cewa wake na da baƙi a saiwarsa waɗanda ke biyan kuɗin haya da taki, kuma wannan ne dalilin da ya sa manomi mai lura ke sauya shuka, ya sa wake bana a inda ya sa masara bara.

Idan kabewa ko kokwamba ta yi fure, sai ƙudan zuma su zo. A nan yara ke gane cewa furen da ƙudan zuma bai sauka a kansa ba yakan bushe ya faɗi ba tare da ya zama ɗa ba. Wani babban rahoton ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona da ake ci a duniya suna amfana da barbarar da ƙwari da tsuntsaye da jemagu ke yi wa furanni. Wannan adadi ba zai zauna a kan ɗan ƙaramin yaro ba, amma ƙudan zuman da ya gani yana fitowa daga cikin fure jikinsa duk ya yi ɗorawa zai zauna.

Akwai kuma darasin da na fi ba wa muhimmanci, wanda ba ya cikin kowace manhaja. Wani lokaci shukar takan mutu. Yaro ya manta da ban-ruwa kwana uku, ko ya cika ruwa har saiwa ta ruɓe, ko tsutsa ta cinye ganyen a dare ɗaya. Babu wanda zai iya danna wani maɓalli ya dawo da ita. Yaro zai yi kuka, kuma bai kamata a yi saurin saya masa wata a ɓoye a dasa ba. A zauna da shi a tono saiwar a duba abin da ya faru, sannan a sake shukawa. A nan ne yake fara gane cewa rai amana ne, kuma sakacinsa na da sakamako a kan wani abin da ba shi ba.

Me ya sa sai noman da ba sinadari?

Wani zai ce ai duk wannan ana iya koyar da shi ko da an zuba takin zamani. Amsata ita ce takin zamani da maganin feshi suna ɓoye wa mai koyo yadda abubuwa ke aiki. Ka barbaɗa farin taki, bayan mako ganye ya yi kore shar, yaro ya ga sakamako amma bai ga dalili ba. Ka fesa magani, ƙwarin duk sun mutu, masu ɓarna da masu cin masu ɓarnar, yaro bai samu damar gane cewa akwai bambanci a tsakaninsu ba. Shi kuwa noman da ba ya dogara da sinadarai yana tilasta wa mai yinsa ya duba: ya juya ganye ya ga me ke ƙarƙashinsa, ya gane wane ƙwaro ne ke tsotsar ruwan ganye, wane ne kuma ke farautarsa, ya lura cewa kwaɗon da ke fakewa a inuwar kabewa da ƙadangaren da ke kan katanga ma'aikata ne a wannan fegi.

Ya kamata a fayyace cewa wannan noma ya wuce a watsa iri a juya baya. Albert Howard, masanin aikin gona ɗan Ingila da ake ƙidaya shi cikin waɗanda suka aza harsashinsa na zamani, an tura shi Indiya ne a 1905 don ya inganta noman ƙasar, sai ya ga manoman na da abin da za su koya masa. A garin Indore, tsakanin 1924 da 1931, ya tsara hanyar haɗa taki daga tarkacen gona da kashin dabbobi bisa ma'auni da lura, kuma koyarwarsa ta tsaya a kan cewa lafiyar ƙasa da ta tsiro da ta dabba da ta mutum a ɗaure suke da juna. Aiki ne na gwaji da rubuta abin da aka gani, kuma irin wannan ɗabi'a ce ake so yaro ya tashi da ita, ko da daga baya likita zai zama ko injiniya.

Akwai kuma dalili mai sauƙi da bai kamata a tsallake ba. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin cutuwa da guba, hannunsa kuma ba ya nisa da bakinsa. Lambun da 'yan shekara biyar ke wasa a ciki ba wurin ajiye kwalbar maganin ƙwari ba ne.

"Ai takin zamani ne ke ciyar da duniya"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma gaskiya ce. A 1909 Fritz Haber, masanin kimiyya Bajamushe, ya gano yadda za a haɗa naitrojin na iska da haidrojin a samu amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, Carl Bosch kuma ya mayar da wannan aiki na masana'anta a Jamus a 1913. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen da ke duniya a yau suna cin abincin da samuwarsa ta dogara da takin da ake yi ta wannan hanya. Manyan nazarce-nazarcen da suka kwatanta gonaki sun nuna cewa a matsakaici amfanin da ake samu a noman da ba sinadari yana ƙasa da na ɗayan da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, ko da yake tazarar takan ragu sosai a kan dangin wake da kuma inda ake sauya shuka yadda ya kamata.

Abin da ya faru a Sri Lanka ma yana nan a matsayin gargaɗi. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Shugaba Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani farat ɗaya, ba tare da an shirya manoma ba, ba tare da an tanadi isasshen takin da zai maye gurbinsa ba. Noman shinkafa da na ganyen shayi suka faɗi, ƙasar ta koma sayen shinkafa daga waje, kuma kafin ƙarshen wannan shekara gwamnati ta fara janye dokar. Jihar Sikkim ta Indiya, wadda aka ayyana a 2016 cewa duk gonakinta sun bar sinadarai, ta fara tafiyar ne tun 2003, tana rage takin zamani kaɗan-kaɗan tana horar da manoma, kuma ƙaramar jiha ce mai ƙarancin jama'a.

Na kawo waɗannan ne domin ba na so a koya wa yara ƙarya. Malamin da zai tsaya gaban aji ya ce takin zamani guba ne, manomin da ke amfani da shi kuma mugu ne, ya cuci yaran, musamman wanda mahaifinsa da wannan takin yake samun abin ciyar da gida. Haka kuma ba daidai ba ne a nuna musu cewa duk abin da aka kira na halitta ba shi da illa, domin sinadarin jan ƙarfe da aka yarda a fesa a gonakin da ba sa amfani da takin zamani yakan taru a ƙasa har ya cutar da ita kanta tanar.

Sai dai hujjar ba ta taɓa abin da nake kira a kai ba. Fegin makaranta ba shi aka ɗora wa ciyar da mutum biliyan takwas ba, aikinsa ya koya wa yaro yadda ƙasa ke rayuwa. Kuma duniya na bukatar wannan sani ko da za ta ci gaba da amfani da takin zamani. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2015 cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma a duniya ta lalace, wata kaɗan wata ƙwarai, saboda zaizaya da gishiri da ƙarewar sinadaran gina tsiro da gurɓata. Ƙasar saman da ruwan sama guda zai iya kwashewa daga gonar da aka bari tsirara takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin kaurin ɗan yatsa nata ya sake samuwa. Takin zamanin da aka zuba a ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen tarkace a cikinta, kaso mai yawa nasa ruwa ke wankewa zuwa rafi. Saboda haka manomin da ya tashi da sanin taki da tana da saiwar wake, idan ya girma ya sayi buhun takin zamani, zai fi sanin yadda zai zuba shi da lokacin da zai zuba, zai kuma fi sanin lokacin da ba a bukatarsa.

Batun ƙazanta da cuta

Tsoron iyaye a nan yana da tushe. Ɗanyen kashin dabbobi na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, ƙasa na iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayar cutar sandarewar jiki, kuma a wasu filayen da ke kusa da manyan tituna ko tsofaffin masana'antu akwai gubar dalma. Dokokin noman da ba sinadari a Amurka ma sun wajabta a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashin dabba da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa.

Duk waɗannan suna da magani sananne. Kada a ba ƙananan yara ɗanyen kashi, a yi musu taki da ganye da ɓawo kaɗai, ko a kawo wanda ya gama ruɓewa. A tabbatar sun yi rigakafi, su sa takalmi, a rufe duk wani rauni da ke hannu, a wanke hannu da sabulu bayan aiki, a wanke abin da aka girba kafin a ci. Inda ake shakkar ƙasar wurin, a yi shukar a cikin akwati ko tukunya da ƙasar da aka kawo daga wuri mai tsabta. Na lura cewa yaron da ya fito daga lambu hannunsa duk laka ba sai an yi masa doguwar nasiha kan wanke hannu ba, domin yana ganin abin da zai wanke. Muna koya wa yara tsallaka titi da riƙe wuƙa a hankali ba tare da mun hana su fita ko shiga kicin ba, ban ga dalilin da zai sa ƙasa kaɗai ta zama haramtacciya ba.

"Wannan ai bautar da yara ne"

A shekarar 2021 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a farkon 2020 yara miliyan 160 ne ke aikin ƙarfi a duniya, kuma kashi 70 cikin 100 nasu a harkar noma suke. Wanda ya san wannan, ko ya taso yana wuni a gona cikin rana alhali tsararsa na aji, yana da haƙƙin ya ji ƙyama idan aka ce a kai yara lambu.

Bambancin yana cikin amsar tambayoyi biyu: don wa ake aikin, kuma tsawon wane lokaci? Rabin awa sau biyu a mako, da safe ko da yamma, da ƙananan kayan aiki daidai hannun yaro, a kan fegin da amfaninsa na yaran ne su ci ko su kai gida, wannan darasi ne. Idan kuwa aka fitar da ɗalibai su nome gonar wani malami, ko aka mai da girbinsu hajar sayarwa ba da saninsu ba, wannan zalunci ne kuma ya kamata iyaye su tsaya a kansa.

Abu guda nake roƙon malamai da shi musamman: kada a yi horo da lambu. Duk makarantar da ke tura wanda ya makara ko ya yi surutu ya je ya cire ciyawa, tana dasa masa a zuciya cewa taɓa ƙasa wulaƙanci ne, kuma wannan tabon yakan bi mutum har girma. Na san manya masu ilimi da ba sa iya riƙe fartanya ba tare da sun tuna bulala ba. Zuwa lambu ya kamata ya zama abin da yara ke ɗokin lokacinsa, har wanda aka hana ya ji an tauye shi.

Lokaci da fili

Masu cewa jadawalin karatu ya cika, ina tuna musu cewa Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna Kindagatin a 1840, ma'anar sunan ita ce lambun yara, kuma a tsarinsa kowane yaro na da ɗan fegin kansa, ga kuma na tarayya da suke kula da shi tare. Lambu ba ya cinye lokacin lissafi da rubutu, yana ba su abin yi. Yaro zai ƙirga iri goma, ya ga bakwai sun tsiro, ya faɗi nawa suka ƙi. Zai auna tsawon tsiro da ma'auni kowace Litinin ya rubuta, ya zana ganye, ya koyi sunayen launuka da na kwanaki.

Rashin fili ma ba ya hanawa. Fiye da rabin mutanen duniya yanzu a birane suke, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen za su kai kusan kashi 68 cikin 100 nan da 2050, wanda ke nufin yawancin yaran da za a haifa ba za su ga gona ba sai an kai su da gangan. Tsohon bokiti da aka huda ƙasansa, ko buhu, ko gwangwani a bakin taga, duk suna ɗaukar tumatir ko wake. A Berkeley ta jihar Kalifoniya a Amurka, filin makarantar da aka mayar lambu a 1995 ƙarƙashin jagorancin wata mai gidan abinci, Alice Waters, da kwalta yake lulluɓe kafin a fasa ta.

Girmamawa daga sabo take zuwa

A 1958 gwamnatin Sin ta ƙaddamar da yaƙi da wasu halittu huɗu da ta kira annoba, ciki har da gwara, bisa hujjar cewa tana cin hatsi. An fito da jama'a, har da 'yan makaranta, suna buga gwangwanaye da tukwane don hana tsuntsayen sauka har su faɗo don gajiya, ana fasa ƙwansu. Da gwara ta yi ƙaranci sai fari da sauran ƙwarin da take ci suka yawaita suka auka wa gonaki, abin da ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya, kuma a 1960 aka cire ta daga jerin. Waɗanda suka yanke wannan hukunci sun ga gwara na cin hatsi, ba su tsaya sun ga abin da take ciyar da 'ya'yanta da shi ba. Duk yaron da ya taɓa zama minti goma yana kallon tsuntsuwa na kai tsutsa sheƙarta ya riga ya mallaki sanin da ya kuɓuce musu.

Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977 ta kuma samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2004, a jawabinta na karɓar lambar ta koma ne ga wani rafi na kusa da gidansu inda take ɗebo wa mahaifiyarta ruwa tana yarinya, tana wasa da ƙwan kwaɗi tana kallon talibamban, ta kuma faɗi cewa bayan shekara hamsin rafin ya ƙafe. Miliyoyin itatuwan da aka dasa ta dalilinta daga wannan sabo na ƙuruciya suka samo tushe. Ban taɓa jin wanda ya sadaukar da rayuwarsa don kare daji ko rafi saboda wani kwali da ya gani a bangon aji ba.

Shi ya sa nake ƙin a fara wa 'yan shekara biyar da labarin narkewar ƙanƙara da ƙarewar dazuzzuka. Nauyi ne da ya fi ƙarfinsu, kuma abin da yake haifarwa tsoro ne ko kawar da kai. Waɗannan batutuwa na da lokacinsu idan sun girma. A shekarun farko abin da ake bukata shi ne yaro ya ƙaunaci wani abu mai rai guda ɗaya da ke kusa da shi, ya san sunansa, ya san abin da yake ci da abin da ke cutar da shi. Ya zo a hadisi ingantacce cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi. Ina son yadda aka ambaci tsuntsu a ciki, domin yana sauya yadda yaro zai kalli tumatir ɗin da aka tsattsage masa.

Bayan abin da ya faru a barandar nan na nemi ganin shugabar makarantar, na roƙi a ba ajin su 'yata wani lungu da ke bayan ɗakin karatu inda ake jibge karyayyun kujeru. Ta yi jinkiri saboda batun tsabta, muka yi yarjejeniya cewa iyaye uku za mu riƙa zuwa bi da bi, kuma za a ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin wurin. Mun shuka wake da tumatir da kabewa a feguna huɗu. Tumatir ɗin bai yi ba, tsutsa ta gama da rabinsa, sauran kuma mun makara wajen kafa masa sanda. Waken ya yi, yara ashirin da biyu suka raba, kowa ya tafi gida da abin da bai cika tafin hannu ba. Matar da ta murje tanar ita ce ke riƙe da makullin wurin yanzu, kuma a makon jiya ta tambaye ni ko ɓawon lemo ma ana sa shi a ramin taki.